Nazarin Lamari: Fasaha da Farfaɗowar Wani Tela Mai Raunin Laka a Jihar Gombe

Mai jinyar da wannan nazari ya shafa magidanci ne ɗan kimanin shekara talatin, tela, mazaunin garin Kumo a Jihar Gombe, mai mata ɗaya da 'ya'ya biyu. An sakaya sunansa da duk abin da zai sa a gane shi. Ya samu rauni ne a haɗarin babur a hanyarsa ta komawa gida daga kasuwar Gombe, inda ya je sayen yadi da zare. Mutanen da suka kawo ɗauki sun ciccibe shi suka zaunar da shi a kujerar bayan wata ƙaramar mota, abin da ake yi da kyakkyawar niyya a hanyoyinmu kullum, amma yana iya ƙara ɓarna idan ƙashin baya ya karye, domin ƙa'ida ita ce a kwantar da mutum a miƙe a kan abu mai ƙarfi, kada a lanƙwasa bayansa. An fara kai shi wajen mai ɗori, kuma ba a wuce da shi asibiti ba sai da 'yan uwa suka ga fitsari ya ƙi fita, mara ta kumbura.

Abin da aka gano

Hoton CT ya nuna karaya a ƙasusuwan tsakiyar baya, na MRI kuma ya nuna cewa laka ta matsu, ta ƙuje a daidai wurin. Da aka gwada jikinsa da ma'aunin ASIA, ƙungiyar masana raunin laka ta Amurka, wanda ke kasa raunin laka mataki biyar daga A zuwa E, sai aka samu yana mataki na A, wato cikakken rauni, a gurbin da likitoci ke rubutawa T10. A jikin mutum wannan gurbi ya yi daidai da cibiya: daga nan zuwa sama yana ji, yana motsi, hannuwansa da numfashinsa lafiya lau, daga nan zuwa ƙasa kuwa ba ya jin taɓi, ba ya jin zafi ko sanyi, ba ya motsa ƙafa, kuma ba shi da iko da fitsari da bayan gida. An yi masa tiyata aka ɗaure ƙasusuwan da ƙusoshi da sandunan ƙarfe. Iyalin sun ɗauka cewa tunda an yi aiki ƙafa za ta tashi, don haka bayani na farko da ya zama dole a yi musu, a kuma maimaita sau da yawa, shi ne cewa ƙarfen yana tsayar da ƙashi ne don a iya zaunar da shi da wuri, ba ya ɗinke lakar da ta lalace.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutanen da ke rayuwa da raunin laka a duniya sun haura miliyan 15. Abin da ya fi kashe su a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba karayar ba ce, cututtukan da ke biyo baya ne, musamman gyambon kwanciya da ciwon mafitsara da ƙoda. Haka lamarin yake a Turai ma kafin Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944, inda ya tsananta a kan juya mai jinya dare da rana da kula da mafitsara. Da wannan ma'auni aka tsara aikin wannan tela: duk kayan da za a kawo masa, sai an fara tambaya wane haɗari zai kawar, kuma wa zai riƙa kula da shi a Kumo bayan an sallame shi.

Fata, katifa da kyamarar waya

An sallame shi da ƙaramin gyambo a ƙashin tsatso. Gyambon kwanciya yana samuwa ne idan nauyin jiki ya danne fata a kan ƙashi har jini ya daina ratsa wurin. Mai lafiya yana jin gajiya ya juya ko da cikin barci ne, shi kuwa mai raunin laka saƙon ba ya isa ƙwaƙwalwarsa, sai nama ya mutu yana kwance bai sani ba. Yayansa, wanda ke aiki a Abuja, ya aiko da katifar iska mai inji, irin wadda ke hura wani sashe tana sace wani a kai a kai don nauyi ya riƙa sauya wuri. Katifa ce mai amfani a inda wuta ke tsayawa. A gidan mai jinya kuwa, da zarar an ɗauke wuta cikin dare sai iskar ta sace, ya wayi gari kwance a kan abu mai tauri, kuma masu jinyarsa sun rage juya shi saboda sun dogara da injin. Cikin ɗan lokaci gyambon ya faɗaɗa. Aka ajiye ta aka koma katifar soso mai ƙarfi da filo guda biyar, aka koya wa matarsa da ƙaninsa yadda ake jera su: ɗaya a bayansa don ya kishingiɗa a karkace, ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya a ƙarƙashin ƙwauri yadda diddige zai kasance a sama bai taɓa katifa ba. Aka saita ƙararrawar waya tana bugawa duk bayan awa biyu, matar ta ɗauki rana da farkon dare, ƙanin ya ɗauki tsakar dare zuwa asuba.

Abin da ya fi kowane kaya amfani a wannan mataki shi ne kyamarar wayar ƙanin. Zuwa Gombe da mutumin da ba ya iya zama ba ƙaramin aiki ba ne, ga kuɗin shatar mota, ga jijjigar hanya a kan gyambon da ake son ya warke. Saboda haka aka tsara cewa kowace safiya bayan wanka za a ɗauki hoton wurin a hasken rana, daga nisa iri ɗaya, da rula a gefensa, a tura ta WhatsApp ga ma'aikacin jinya da likitan gashin ƙashi da ke bin lamarin. Rular ita ce ta mayar da hoton abin aunawa, domin idon wanda ke ganin gyambo kullum ba ya gane ƙaruwarsa. An kuma ja hankalinsu ga wani abu da littattafan da aka rubuta don fararen fata ba sa tsayawa a kansa: a baƙar fata jan da ke nuna farkon gyambo ba ya fitowa sarai, don haka abin dubawa shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu ko sheƙi, ko ya yi ɗumi, ko ya yi tauri idan an taɓa. Shi kansa mai jinya aka ba shi madubi mai dogon mariƙi don ya riƙa duba bayansa da kansa.

Wannan tsari ya zo da matsalar da ba ta fasaha ba. Wurin da ake ɗauka al'aura ce, kuma mai jinya ya ƙi da farko, ƙin da ke da hujja. Ba a ci gaba ba sai da aka yi yarjejeniya da shi cewa ba za a nuna fuska ba, za a rufe duk abin da ba gyambon ba, namiji ne kaɗai zai karɓi hoton, kuma za a goge shi daga wayar ƙanin da zarar an tura, tunda waya ce da ke yawo a hannun abokai. A ganina duk wanda zai yi irin wannan aiki a ƙasar Hausa bai kamata ya tsallake wannan zama ba, domin mutumin da aka keta mutuncinsa da sunan magani zai daina ba da haɗin kai, kuma ba zai faɗi dalili ba. Ta hanyar hotunan ne aka gane lokacin da gyambon ya fara ruwa mai wari, aka ce a kawo shi a yanke mataccen nama, kuma ta hanyarsu aka hana tafiye-tafiye da dama da ba su zama dole ba. Gyambon ya rufe bayan wajen wata uku.

Mafitsara

Ya koma gida da robar fitsari ta dindindin da jaka a gefen gado, kuma zazzaɓin ciwon mafitsara ya kama shi fiye da sau ɗaya. Tunda hannuwansa lafiya suke, aka koya masa hanyar da likita Jack Lapides na Jami'ar Mishigan ya bayyana a 1972: mutum ya wanke hannu da sabulu, ya sa siririyar roba mai tsabta ya zubar da fitsarin, ya cire ta, ya maimaita duk bayan awa huɗu zuwa shida, yadda abin da ke taruwa ba zai wuce kimanin rabin lita ba. Idan mafitsara ta cika ta yi maƙil, fitsari na iya komawa sama ya lalata ƙoda, shi ya sa lokaci yake da muhimmanci, nan ma ƙararrawar waya ta yi aiki. Roba ce mai araha, amma ita ta raba shi da jaka da warin da ke sa shi gudun baƙi, ta kuma sauƙaƙa masa tsarki da salla. Da azumi ya zo, an shawarce shi ya tattauna da likita da malaminsa tare, saboda ƙarancin shan ruwa a zafin Gombe yana buɗe ƙofar ciwon mafitsara da tsakuwar ƙoda.

Keken da ya dace

Keken farko kyauta ce daga wani mai hali a unguwa, irin na asibiti mai naɗewa, mai shimfiɗar leda. Ya yi masa faɗi, don haka yana karkacewa gefe guda, ledar ta lotsa a tsakiya, ƙananan tayoyin gaba kuma suna nutsewa a yashin tsakar gida. Sai dangi suka kawo shawarar keke mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, wanda masu walda ke ƙerawa kuma ake gani a kowane gari a Arewa. Shawara ce mai ma'ana a zahiri, domin keken yana da ƙarfi, yana cin nisa, kuma kowane mai gyaran keke zai iya gyara shi. Amma yawancin masu hawansa mutanen da shan inna ta shafa ne, su kuwa ba su rasa jin jikinsu ba, idan katako ya dame su za su gyara zama. Mai raunin laka da ya zauna a kan wannan katako ko siririn soso na awa biyu yana iya sauka da gyambon da zai kwantar da shi wata da watanni. Wannan bambanci ne da masu rabon kekuna ba kasafai suke lura da shi ba, kuma ina ganin yana cikin abubuwan da suka fi cutar da masu irin wannan rauni a yankinmu.

Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 kan samar da keken guragu a wurare masu ƙarancin hali ta shimfiɗa matakai takwas, daga auna mutum da duba muhallinsa, zuwa daidaita keken a jikinsa, koya masa amfani da shi, da bibiyar gyara. Da wannan aka bi. Aka auna faɗin ƙugunsa da tsawon cinyarsa da na ƙwaurinsa, aka samo keke mai dogon jiki da babbar taya ɗaya a gaba, wanda ke ratsa yashi, kuma tayoyinsa na baya irin na keken hawa ne, mai faci na bakin kasuwa yana iya liƙe su. Aka yanka masa kushin daga soso mai tauri, aka ƙwaƙule gurbi a daidai ƙasusuwan mazaunai, aka ɗora soso mai laushi a sama. Gwajin kushin ba ya bukatar na'ura: ma'aikaci yana zura yatsunsa a ƙarƙashin ƙashin yayin da mutum ke zaune, idan yatsun suna iya motsi sama da ƙasa to nauyin ya rabu daidai, idan sun matsu ƙam to da sauran gyara. An hana shi zama a kan tiyub ɗin babur da aka hura, wanda wasu ke ba da shawara, saboda zoben yana tara nauyi a kewaye ya kuma tare jini. An koya masa sunkuyawa gaba ya ɗora ƙirji a kan cinya na kimanin minti biyu a kai a kai, domin jini ya koma wurin da aka danne.

Sauran kayan duk a Kumo aka yi su. Kafinta ya yi allo mai santsi da yake zamewa a kai daga gado zuwa keke, mai walda ya ƙera kujerar bayan gida da ake ɗorawa a kan bakin salga, da kuma abin tsayuwa mai madauri a gwiwa da ƙugu. An fara tsayar da shi na 'yan mintuna saboda jiri da faɗuwar awon jini, aka riƙa ƙarawa a hankali, kuma tsayuwar ta rage masa ƙagewar ƙafafu. Aka fasa dokin ƙofar ɗaki da na zaure aka yi gangara a kan ƙa'idar tsawon ƙafa 12 ga kowace ƙafa ɗaya ta tudu. An kuma gargaɗi iyalin kan ƙuna: ƙarfen keken da ya sha rana a watan Afrilu, ruwan wanka mai zafi, da kaskon wuta a lokacin hunturu duk suna iya ƙona ƙafar da ba ta ji.

Injin lantarki da bidiyoyin intanet

Wayar da ta taimaka wajen warkar da gyambo ita ce kuma ta kawo babbar jarrabawa. Yayansa ya ga talla a Facebook ya sayo ƙaramin inji mai batir da ke aika lantarki cikin tsoka ta wasu faifai da ake liƙawa a fata. Da aka liƙa a cinya, tsokar ta motsa, ƙafa ta zabura, gida ya ɗauki murna, har aka kira dangi a waya ana cewa ƙafa ta fara tashi. Bayanin da aka yi musu shi ne cewa raunin kamar wayar wuta ce da ta tsinke tsakanin makunni da ƙwan fitila: ƙwan lafiya yake, idan aka jona masa batir kai tsaye zai kama, amma hakan bai gyara wayar da ta tsinke ba. Jijiyoyin da suka tashi daga ƙasan wurin raunin zuwa tsoka suna nan da rai, shi ya sa lantarki ke motsa su, umarnin ƙwaƙwalwa ne ba ya ketarowa. Irin wannan inji yana da gurbinsa a aikin gashin ƙashi idan masani ya saita shi, yana iya rage ramewar tsoka. A nan kuwa ana ƙara ƙarfinsa har ƙarshe don a ga motsi, ana barinsa ya daɗe, shi kuma ba ya jin zafi, har fata ta ƙone a wurare biyu. Aka dakatar da shi.

Bayan haka sai bidiyoyi suka biyo baya: mutane sanye da ƙarafuna masu inji suna takawa, da wani ɗan ƙasar Holan da ke tafiya bayan an dasa masa na'ura. Waɗannan abubuwa gaskiya ne, kuma ba a ce wa iyalin ƙarya ba ne. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ƙarafunan ReWalk don amfanin gida a 2014, amma kuɗinsu ya kai dubban daloli masu yawa, mai sawa yana dogara sanduna biyu, yana bukatar daɓe mai kyau da mai rakiya da aka horar, kuma ba su maye gurbin keke ba ko a can. Shi kuwa ɗan Holan ɗin, Gert-Jan Oskam, masu bincike na Lozan a Suwizalan ƙarƙashin Grégoire Courtine da Jocelyne Bloch ne suka ba da rahotonsa a 2023, bayan sun dasa na'urori a kansa da bayansa masu ɗaukar niyyar motsi daga ƙwaƙwalwa su isar da ita ga lakar ƙasa. Mutum ɗaya ne a cikin gwaji, kuma rauninsa ba cikakke ba ne. Muhawarar ta yi zafi ne lokacin da wani dillalin jinya a ƙasashen waje ya yi wa yayan alkawarin allurar ƙwayoyin halitta, har aka fara maganar sayar da gonar gado. Abin da aka shaida musu a fili shi ne cewa wannan fanni bincike ne da ake kan yi, ba magani ne da aka tabbatar yana mayar wa mai cikakken rauni tafiya ba. Mai jinya da kansa ne ya yanke maganar, ya ce wa yayan nasa: "Yaya, a bar gonar nan, da ita yara za su ci. In da hali, a gyara mini keken ɗinkina."

Wannan magana ba a rana ɗaya ta zo ba. Ya yi watanni ba ya son magana, yana juya fuska ga bango idan abokai sun shigo. Abin da ya fara sassauta shi shi ne haɗa shi a waya da wani mutum a Bauchi da ya shekara da yawa a kan keke kuma yana sana'arsa. Sun riƙa musayar saƙon murya da Hausa kan abubuwan da yake jin nauyin tambayar ma'aikatan asibiti, har da tsarin bayan gida da zaman aure.

Komawa ɗinki

Keken ɗinkinsa Butterfly ne na taka ƙafa. Wani mai gyaran keken ɗinki ya ɗaura masa ƙaramar mota ta lantarki, ya ɗauke matakin da ake dannawa da ƙafa ya kafe shi a gefen tebur, inda telan ke danna shi da gwiwar hannun dama yayin da tafukansa biyu ke riƙe da yadi. Aka cire ƙarfen ƙasan tebur aka ɗaga shi don keken zama ya shige. Kuɗin da aka so kashewa a tafiya waje, kaɗan daga cikinsa ya isa sayen faifan sola da batir, waɗanda ke tafiyar da motar da fanka da cajin waya. Fankar ba ƙawa ba ce, domin jikinsa daga cibiya zuwa ƙasa ba ya daidaita zafi yadda ya kamata. Masu kawo ɗinki suna turo samfuri ta WhatsApp, suna biya ta tiransifa, yaron shagonsa kuma yana zuwa Gombe sayen kaya yana nuna masa yadi ta kiran bidiyo kafin ya biya.

Nan ma an samu koma baya. Da Sallah ta matso ɗinki ya yi yawa, ya riƙa zama tun safe har dare, ya kashe ƙararrawar saboda tana katse masa aiki, kushin ɗin kuma ya riga ya lotsa ba a sauya ba. Sabon gyambo ya fito a ƙashin mazaunin hagu. Hoton safe ne ya kama shi tun fata ba ta yi zurfin buɗewa ba, amma duk da haka sai da ya bar keke ya kwanta rub da ciki na makonni, ya mayar wa mutane da yadinsu a lokacin da tela ke samun kuɗin shekara. Ba za a kira wannan sakaci kawai ba, domin mutumin da ke ciyar da gida da hannunsa zai zaɓi aiki a kan hutun fata matuƙar babu wani abin da zai rufa masa asiri.

Halin da ake ciki

A lokacin rubuta wannan nazari, shekara biyu ke nan da haɗarin. Matakin rauninsa bai sauya ba, yana nan a A, kuma ba a sa ran zai yi tafiya. Yana hawa keke ya sauka da kansa, yana kula da mafitsararsa, yana ɗinki na awoyin da aka ƙayyade masa da hutun kwanciya da rana, yana zuwa sallar Juma'a, ko da yake sai an ɗaga kekensa a matakalar masallaci. Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman, wadda shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su samar da hanyar shigar keke, wa'adin ya cika, amma yawancin wuraren da yake da bukata a cikinsu har yanzu matakala ce. Kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo saboda tura keke a yashi da ɗaga jiki, an ba shi motsa jiki da igiyar roba, ana kuma duba yiwuwar matso da tayoyin baya gaba kaɗan don turawar ta yi sauƙi. An sa masa ranar hoton sikanin na ƙoda da mafitsara, wanda ya kamata ya riƙa yi a kai a kai, an kuma rubuta wa ƙaninsa ranar da za a sake gwada kushin da yatsu kafin ɗinkin Sallah mai zuwa ya kankama.